Mun toshe tagar Inna, muka kai mata murhun zamani

Shekara 14 ke nan ina koyar da kimiyya a koleji a nan Maraɗi. Kowace shekara akwai ranar da nake shiga aji da kyandir da kwalba mai faɗin baki. In kunna kyandir, in kife kwalbar a kansa, mu zuba ido har wutar ta yi ƙasa ta mutu. Sai in tambaya: me ya kashe ta? Yara su amsa baki ɗaya: "Iska ce ta ƙare, mushe." In ce madalla, in ba su maki. To ni ɗin nan mai wannan darasi, ni ne na kife kwalba a kan mahaifiyata da jikokinta biyu a ɗarin bara. Da kuɗina na yi, kuma ina ganin alheri nake yi. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma na ƙudura ba zan yi shiru ba, domin abin da na aikata ƴaƴa nagari da yawa suna shirin aikata shi a gidajen iyayensu kafin hunturu mai zuwa.

Gidanmu yana unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa ne tun na kakanmu. Ɗakin Inna shigifa ce mai rufin azara. A kusurwar dama in ka shiga akwai gurbin murhu, duwatsu uku a cikin ɗan rami, kusa da gadon ƙasa. Nan take hura wuta in ɗari ya kankama, ta ɗora ruwan alwala, jikoki su kewaye ta suna jin ɗumi. Sama da murhun, dab da rufi, akwai wata ƴar taga da ba ta fi tafin hannu biyu ba, ba ƙyaure ba labule. Ƙofar kuwa ƙyauren katako ne da ya sha duniya, kyanwa na iya wucewa ta ƙarƙashinsa. Azarar ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Tun ina yaro na tsani wannan baƙin, ina ganinsa tambarin talauci.

Da Allah ya hore mana ɗan abin hannu, ni da ƙanena muka haɗa kuɗi muka gyara ɗakin. Aka yaye azara aka buga kwano, aka sa silin, aka shafe bango da siminti, aka kafa ƙofar ƙarfe mai roba a gindi da taga mai gilashi. Magini ya nuna ƴar tagar nan ta sama ya ce, "Malam, wannan fa?" Na ce ya toshe ta, ta nan sauro da ƙura suke shigowa. Inna tana zaune a tsakar gida tana kallo, ta ce, "Kai wannan, ramin nan ba banza aka bar shi ba." Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana. Na yi dariya na ce, "Inna, zamani ya wuce nan."

Saura murhu. Ba za a hura itace a ɗaki mai farin silin ba. Sai na je wurin wani mai walda na sayi murhun ƙarfe, irin akwatin nan mai ƴar ƙofa da rariyar zubar toka, muka dasa shi daidai gurbin tsohon. A bayansa akwai wani baki zagayayye. Na tambaya, ya ce wurin sa bututu ne, amma bututun kuɗinsa daban, kuma sai an huda kwano. Sannan ya faɗi maganar da nake son kowane mai karatu ya riƙe, domin zai sake jin ta a bakin wani: "In dai gawayi za ku riƙa sawa, ba ku bukatar bututu. Ai gawayi ba ya hayaƙi." Na ji daɗin ƴan jikunan da suka rage mini a aljihu. Muka bar bakin haka nan.

Wata asubar Janairu ƙanwata ta tashi ba ta ji motsin butar Inna ba, alhali Inna ce take riga kowa tashi a gidan nan shekara da shekaru. Ta buga ƙofa, shiru. Allah ya sa ba a sa sakata ba. Ta tura, ta tarar da Inna a gefen gado ta kasa miƙewa, tana cewa kanta zai rabe biyu. Yarinyar mai shekara 9 ta yi amai a shimfiɗa. Ƙaramin mai shekara 4 ana girgiza shi yana lumshe ido. Murhu kuwa ga shi nan, garwashi ja wur a ƙarƙashin toka, ɗaki fes, ba hayaƙi ko na misali.

Maƙwabta suka cika gida. Wannan ta ce zazzaɓin sauro ne. Waccan ta ce iska ce ta shafe su, har ta koma gida ta ɗebo garwashi a kasko za a yi musu turare a cikin ɗakin nan dai. Ƙanwata ta ƙi, aka kwashe su sai likita. Majo ya yi gwajin zazzaɓi bai ga komai ba, sai ya yi tambaya ɗaya: "Da me kuka kwana a ɗakin?" Da ta kira ni ta ce, "Yaya, ga majo zai yi maka magana," ya bayyana mini abin da na riga na sani a kan allo. Ya rufe da cewa, "Mushe, kai da kake koya wa yaranmu kimiyya?" Ban sami amsa ba.

Bari in faɗi abin da ya kamata in tuna tun a shagon mai walda. Duk abin da ke ci da wuta, itace ne ko gawayi ko kara, yana bukatar oksijen. In oksijen ya wadata, ƙunar takan cika. In ya yi ƙaranci, sai ta fitar da wata iska da muke rubutawa CO a littafin kimiyya, monoksid na karbon. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Jan sinadarin jini da ke ɗaukar oksijen zuwa ƙwaƙwalwa yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijen sau sama da 200. Ma'ana, mutum yana numfashi lafiya lau amma jininsa ya daina kai saƙo. Ciwon kai ne ke fara zuwa, sai jiri, sai tashin zuciya da amai, sai jiki ya mutu, hankali ya gushe. Mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu. Tana gauraya da iskar ɗaki ko'ina, don haka kwanciya a kan gado ko a tabarma duk ɗaya ne. Gawayin da ya riga ya kama, musamman wanda aka rufe da toka ko aka rage wa iska don ya kai safe, yana cikin manyan masu fitar da ita.

A nan ne maganar mai walda ta zama guba. Gaskiya ne gawayi ba ya hayaƙin da ido ke gani. Amma hayaƙin itacen da na tsana shi ne mai gadin Inna duk shekarun nan. In ya yi yawa yana yaji a ido, yana shaƙe maƙogwaro, dole a tashi a buɗe ƙofa ko a ja itacen baya. Abin da ya saura kuma yana hawa sama ya fita ta ƴar tagar nan, sabuwar iska ta shigo ta ƙasan ƙyaure. Wanda ya gina ɗakin bai taɓa jin sunan oksijen ba, amma ya bar wa iska ƙofar shiga da ta fita. Ni da na yi lakwal na toshe duka biyun, sannan na kori mai gadin. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Kada wani ya ɗauka ina kiran a koma duwatsu uku a cikin ɗaki. Tsohon murhun ya bar wa Inna tarin da ba ya jin magani da idon da kullum ke ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2, cikinsu yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Mata masu girki da jariran da ke goye a bayansu su ne a gaba. Ga kuma maganar itace. Murhun duwatsu uku yana ɓarnatar da mafi yawan zafinsa a iska, kuma duk wanda ya san yadda motocin itace ke ƙara nisa daga Yamai da Maraɗi da Damagaram ya san daji ba zai iya ci gaba da ciyar da shi ba. Manoman jihar Maraɗi sun sha wahala tun shekarun 1980 wajen dawo da gawo da sauran itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani. Zunubi ne a ƙone wannan wahalar a murhu mai ɓarna. Muna bukatar murhu mai tattali, kuma muna bukatarsa a kowane gida.

Rigimata da yadda ake kawo shi ne. Tun zamanin murhun Mai Sauƙi a shekarun 1980 zuwa yau, magana ɗaya muke ji a rediyo da wuraren taro: yana rage cin itace, yana rage kashe kuɗi, yana ceton daji. Duk gaskiya ne. Amma ni dai ban taɓa halartar rabon murhu inda aka tsaya aka ce wa mata: wannan na tsakar gida ne ko na rumfa, kada ki shiga da shi ɗaki ki rufe ƙofa. Ana ƙirga yawan murhun da aka raba, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto. Ina murhun zai kwana a daren Janairu, wannan ba ya cikin rahoton kowa. Alhali murhu mai tattalin gawayi, mai sauƙin ɗauka, wanda ba ya baƙanta silin, shi ne ya fi jan hankalin mai jin sanyi ya shiga da shi ɗaki. Rage cin gawayi daban, kawar da guba daban.

Haka zancen gawayin ƙasa. Allah ya ba ƙasar nan kwal: ana haƙarsa a Anu Araren kusa da Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yake samar da lantarki, akwai kuma na Salkadamna a jihar Tawa. An daɗe ana ƙoƙarin gyara shi don girkin gida saboda a raga wa itatuwa, kuma ina goyon bayan niyyar. Sai dai kwal yana daɗewa yana ci, yana ɗauke da farar wuta da ke cin siririn ƙarfe a hankali tana ɓula shi. Wutar da za ta kwana tana ci ita ce ta fi bukatar hanyar fita. Duk buhun da za a sayar ya kamata a rubuta gargaɗi a jikinsa da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da sauran harsunanmu, da zane don wanda bai yi karatu ba. In ana iya buga sunan kamfani a buhu, ana iya buga wannan.

Malamai ƴan'uwana, da yawanku kun karanta Germinal, wasunku ma kun koyar da shi. Kun san yadda marubucinsa ya mutu? Emile Zola ya rasu ranar 29 ga Satumba 1902 a gidansa da ke Paris. An hura wuta a murhun bangon ɗakin kwanansa, hanyar hayaƙin a toshe take, tagogi a rufe. Da safe aka same shi ya cika, matarsa kuwa da ƙyar aka ceto ta. Mutumin da ya rubuta littafi sukutum a kan masu haƙar kwal, iskar wutar ɗakinsa ce ta kashe shi. Ilimi da kuɗi ba su hana shi ba, kamar yadda kyandir da kwalba ba su hana ni ba.

Turawa sun biya kuɗin wannan darasi da gawarwaki, shi ya sa yau suka ɗaure shi da doka. Tsofaffin gidajensu suna da murhun bango mai hanyar hayaƙi da aka gina da bulo har saman rufi, kuma mutane da yawa suna dasa rufaffen murhun ƙarfe a cikin wannan gurbin don ya fi riƙe zafi. Aikin da na yi wa Inna ke nan, sai dai su ba sa tsayawa a ajiye ƙarfen. Tsohuwar hanyar hayaƙi takan yi faɗi da yawa ga sabon murhu, kuma takan tsattsage da tsufa. Hayaƙi ya yi sanyi a cikinta ya kasa hawa, ya bar kwalta a bango, ko ya sulale ta tsaga ya shiga ɗakin wani. Don haka sai a share ta, a zura bututun ƙarfe mai jure zafi daga bakin murhu har sama, a rufe sauran filin, a bar wa iska hanyar shiga, a gwada da hayaƙi kafin a miƙa aiki. A Faransa share hanyar hayaƙi wajibi ne aƙalla sau ɗaya a shekara, mai sharar kuma yana ba da takardar shaida. A Ingila, tun 2010 dokar gini ta ce duk inda aka dasa sabon murhun itace ko na kwal sai an sa ƴar na'ura mai kuka in iskar CO ta taru. A wurinsu murhu da bututu da ƙofar iska abu guda ne. A wurinmu bututu "kuɗinsa daban."

Na san abin da za a ce mini. Na farko: "Mushe, mu talakawa ne, ina mu ina dokar Faransa?" To ƴar tagar Inna ko dala ba ta ci ba, mu ne muka biya magini ya toshe ta. Wanda ya iya sayen kwano da silin da ƙofar ƙarfe bai rasa kuɗin bututu mita uku ba. Ni ban rasa ba, rowa ce da ganin na iya. Wanda kuma ba shi da halin bututu, akwai abin da ya fi araha: ya yi ɗumi da wuta ƙofa a buɗe, ya fitar da ita waje kafin a kwanta, ya ƙara bargo.

Na biyu: "Kakanninmu sun kwana da wuta ba abin da ya same su." Ɗakin kakanninmu daban, namu daban. Kago mai rufin ciyawa yana numfashi ta ko'ina, shigifa tana da tagarta. Mun canja ɗakin gaba ɗaya, muka bar al'adar yadda take. Kuma wa ya ce ba abin da ya same su? Tsofaffi nawa aka wayi gari aka ce sun cika a cikin barci a tsakiyar ɗari, aka ce kwana ne ya ƙare? Masu jego nawa aka rufe a ɗaki da kaskon wuta don kada sanyi ya kama su, jariri ya kwana bai farka ba, aka ce mayu ne ko iska? Ba wanda ya auna jininsu, don haka ba wanda zai iya rantsewa ta kowane ɓangare.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai: "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma a cikin Buhari da Muslim akwai hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a cikin gida lokacin barci. Wanda ya rufe ƙofa a kan garwashi ya kwanta ya saɓa wa likita, ya saɓa wa wannan umarni, sannan ya ɗora wa ƙaddara. Ina roƙon limamanmu su riƙa tuna wannan hadisi a huɗuba daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kamar yadda suke tuna zakkar kono a ƙarshen azumi.

Akwai kuma masu cewa a koma gas kawai a huta. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a Damagaram a ƙarshen 2011, kwalbar gas ta shiga gidaje da yawa a birane, kuma alheri ce babba ga mai girki. Amma ba kowane ƙauye take kaiwa ba, ba kowane wata ake samunta cikin sauƙi ba, kuma ba da ita tsohuwa take jin ɗumi ba. Itace da gawayi suna nan tare da mu shekaru masu yawa. Gara mu koyi zama da su.

Ga abin da muka yi a ɗakin Inna bayan haka, ko wani zai amfana. Mun sake buɗe ƴar tagar sama, muka sa mata ragar sauro maimakon bulo. Mun huda wata ƙaramar kafa a ƙasan bango kusa da murhu, ita ma da raga, don iska ta shigo. Mun sa bututu mai faɗi daidai da bakin murhun, ba a rage shi ba, ya miƙe sama ya zarce tsinin rufi, da ƴar hula a kansa saboda ruwa. Bututu yana ja ne in ya miƙe kuma ya yi tsawo, kowace gwiwa da aka ƙara tana rage jansa. Baƙin ƙarfe muka sa, domin farin bututu mai shafen tutiya yana fitar da wani tururi mai cutarwa in ya yi zafi ƙwarai. Inda ya ratsa silin mun yanke katako mun bar tazara kamar ninki uku na faɗin bututun, muka cike da faifan ƙarfe, don kada mu tsere wa guba mu faɗa gobara. Sannan muka ƙona ɗanyar ciyawa a ciki, ƙanena yana kan rufi yana duba fitar hayaƙi, ni ina ɗaki ina bin kowace mahaɗa. Mun sami yoyo a wuri biyu, aka like. Busasshen itace kawai ake sawa, domin ɗanye yana tara kwalta a bututu, kuma kafin kowane hunturu za a kwance a kakkaɓe. Duk da haka dokar gidan ita ce wuta ba ta kwana. Bayan isha'i ana kwashe garwashi a fitar tsakar gida.

Iyaye, ku riƙe alama ɗaya. Da wuya zazzaɓin sauro ya kama mutum uku a ɗaki guda a dare guda, kuma ba ya sauƙi don an fito da mutum waje. In kun ga ƴan ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai da jiri da amai tare, kuma akwai wuta a ɗakin, ku buɗe ƙofa da taga, ku fitar da kowa cikin iska, ku kai su likita ko da sun ce sun ji sauƙi, kuma ku gaya wa majo da gawayi aka kwana. Oksijen ne maganinsa. Madara da tsamiya ba sa fitar da shi daga jini, turare kuwa ƙarin guba ne. Mai ciki da jariri da tsoho da mai ciwon zuciya su ne suka fi saurin faɗuwa. A garin da ke da ƴan kwana-kwana, lambarsu 18.

Malamai, namu laifin ya fi na mai walda, domin shi bai karanta ba. Mun san kukan gobarar azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021, kuma tun daga lokacin muna tsoron wuta mai harshe. Wadda ba ta da harshe har yanzu ba ta shiga darasinmu ba. Muna koyar da cikakkiyar ƙuna da ragaggiyar ƙuna don jarrabawa, yaro ya rubuta CO a takarda ya ci maki, ya koma gida ya taya kakarsa shigar da kasko ɗaki. Minti 15 sun isa a farkon sanyi a kowane aji, tun daga firamare. Ku ba yara aikin gida: kowa ya je ya duba ɗakin da ake hura wuta a gidansu, ya zano inda iska take shiga da inda take fita. Wanda bai sami ko ɗaya ba ya dawo ya faɗa. Ku kai maganar taron COGES da na ƙungiyar iyaye mata. Inda makaranta take da kantin, darekta ya leƙa madafin da mata ke dafa wa yara abinci da goyo a baya, ya ga ko hayaƙin yana da hanya. Malaman makarantun allo su ma a isar musu, domin almajirai da yawa suna cunkushe a zaure da kaskon garwashi a daren ɗari.

Masu walda da magina kuwa, ba na zagin sana'arku, ku ne za ku gyara wannan abu kafin kowace hukuma. Murhu mai bakin bututu kada ya bar shagonku sai da bututunsa, ku haɗa kuɗin wuri guda. Magini in mai gida ya ce toshe tagar sama, ka tambaye shi ko ana hura wuta a ɗakin. In ɗan boko ya yi maka dariya, ka ce masa akwai wani mushen kimiyya da ya riga shi yin wannan dariyar.

Ranar da magini ya dawo ya fasa bulon da ya sa da hannunsa, Inna tana zaune a tsakar gida a wurin da ta zauna a karon farko. Haske ya faɗo ta ƴar tagar a kan sabon murhu. Na jira ta ce ai na gaya maka. Ba ta faɗa ba. Ta dubi maginin ta ce, "Ɗana, ɗan ƙara mata faɗi kaɗan."